Inna, Ba Hayaƙinki Ba Ne

Assalamu alaikum Inna, tare da fatan rahamar Allah ta kai miki inda kike kwance.

Shekara biyu ke nan da muka rasa ki, sai yanzu na samo amsar tambayarki.

Kin tuna ranar da kike suyar ƙuli-ƙuli a gidanmu na Tsafe, rediyon Baba ya ce sama ta ɓule, kuma aikin mutane ne ya jawo? Kika juyo kika ce, "Ke Rabi, ke da kika yi boko, mi ya huda ta?" Lokacin na fara koyarwa ke nan a Bunguɗu, ina jin kunyar in ce ban sani ba. Na ce miki hayaƙi ne. Kika dubi murhunki.

Daga ranar ba ki sake hura wuta ba sai da istigfari. Kika rage suya, har masu saye daga Bilbis suka koma wani gida. Ina gani, ban gyara maganata ba. Da ciwo ya kwantar da ke, kin tambaye ni ko an ɗinke wurin. Na sunkuyar da kai.

Makon jiya aka tara mu malaman kimiyya a Gusau. Wani dattijon malami daga jami'a ya zo, na miƙe gaban kowa na yi masa tambayarki yadda kika yi ta. Bai yi dariya ba, alli ya ɗauka.

Ya ce can sama akwai wani siririn mayafi na iska, ozon, mai tare mana zafin rana mai cutarwa. Ba yagewa ya yi ba, sirancewa yake yi, kuma mafi muni a can ƙarshen duniya ta kudu, ƙasar ƙanƙara. Abin da ke cin sa wata iska ce da ake ɗurawa a firji da gwangwanin feshi. Itacenki ba ya ciki, Inna.

Ya ce da lokacin sanyi a can wata ƙatuwar guguwa ke kewaye wurin ta kulle shi, a cikin sanyin ne ɓarnar ke ƙaruwa. Amma akwai manyan igiyoyin iska da ke tasowa daga ƙasa, tsawonsu ya fi ƙasashe, suna dukan guguwar. Shekarar da suka yi ƙarfi, sai ta sassauta, ɗumi ya shiga, wurin da ya sirance ya ragu. Shekarar da suka yi rauni, ya faɗaɗa. Shi ya sa rediyo ke cewa bana ya ƙaru, baɗi ya ragu. Kuma ƙasashe sun riga sun yarda su daina yin waccan iskar. Zai ɗauki lokaci, amma ana sa ran zai warke.

Na koma na zauna. Daga can ban koma Bunguɗu ba, motar Tsafe na shiga. Na gaya wa Baba duka, har da laifina. Da na gama, ya ce, "Alhamdulillahi. Ta tafi ba hakkin kowa a kanta."

Ki yafe mini, Innata. Yanzu idan ɗaliba ta tambaye ni abin da ban sani ba, ina ce mata ban sani ba, zan binciko.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sanyaya miki, Ya sada mu a Aljanna.

Taki ɗiya,
Rabi