Tafiyar Gwaggo

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali, ya ƙarfin jiki kuma?

Albishirinka, ɗanka kuma ɗana, Dogo, ya kusa gama fim ɗin katun da zai nemi tallafin ƙaro karatu da shi. Ka bar kiran abin shiririta. Na kwashe yadudduka daga ƙuryar shago na ba shi, kwamfutarsa na gefen keken ɗinkina. Ashe kafin mutumin zane ya taka sau ɗaya sai an zana shi sau goma sha biyu! Jiya ya sa na yi ta kai da kawowa a tsakar gida yana ɗauka da waya, wai yana koyon yadda ƙafa ke sauka. Na ce duk masu ƙafa biyu lafiyayyu ba su ishe shi ba sai mai ɗingishi? Ya ce tafiyata ce mai rai. Har faɗa ya sa na yi ya naɗa, muna ta dariya.

Ƙanwarka,
Mai Ɗinki

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki kam da sauƙi.

An nuna fim ɗin a zauren masu ba da tallafin, na ci ado na zauna a gaba. Labarin wani yaro ne da muguwar gwaggonsa mai yaga masa zane. Da ta fito, sai na ga ɗingishina, na ji muryata. Mutane suka yi ta dariya, wata a bayana ta ja tsaki. A ƙarshe ɗanka ya tashi ya ce rayuwarsa ce, ba ƙari. Ashe tallafin na waɗanda danginsu suka hana su zane ne.

Ya biyo ni gida yana sunkuyar da kai, wai za su aiko a tabbatar, in taimaka in amsa cewa gaskiya ne. Yaya, shekara uku ina goge takardunsa da dutsen guga in sun lanƙwashe. Ban taɓa jin ciwon ƙafar nan ba kamar ranar.

Ƙanwarka

Yaya,

Na ga saƙonka, ina amsawa. Ka ce in tona masa asiri. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kai ka koya mini.

Matar ofishinsu ta zo shago da safe da littafinta. Ta tambaya ko ni ce ke yaga masa zane, na ce ƙwarai, ni ce. Ta rubuta, ta ƙi shan ruwan da na ba ta. Masu kawo ɗinki biyu na zaune, sun ji komai.

Sun ɗauke shi, ranar Asabar zai tashi. Na ɗinka masa riguna uku, ka aiko a karɓa. Amma ka hana shi zuwa ban kwana. Na san halina, in na gan shi zan yafe masa, ni kuwa ban shirya ba tukuna.

Ka gai da mutan gida.

Ƙanwarka,
Mai Ɗinki