Yatsa Ɗaya a Kan Sitiyari

3 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayata Marlys,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Vernon da jikoki. Yaya gwiwar taki? Mu nan mun gama girbin masara, sai godiya.

Yaya, akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Kin tuna maƙwabcina Teng, mutumin Sin ɗin nan da karatu ya kawo shi, ya zauna yana noman waken suya? Shekarar da aka yi mini aikin zuciya, injin girbinsa ne ya fara shiga gonata, kafin na sauran maƙwabta. Har yau yana jiran takardar zama ɗan ƙasa.

A watan Fabrairu ƙungiyar manoma ta kai ni majalisar jiha, kan wata dokar hana baƙi mallakar gona. Na sa kwat ɗin da na sa ranar jana'izar Baba, na miƙe na ce ƙasar kakanninmu ba ta baƙi ba ce. Aka yi ta tafi, kaina ya kumbura. Allah ya sani manyan kamfanoni nake nufi. Dokar kuwa ban karanta ba, shafi arba'in ce. Ashe ta haɗa da Teng. An ba shi shekara guda ya rabu da gonarsa.

Yanzu ta bayan coci nake zagayawa, mil tara, don kada mu haɗu. Kin san mu, ko maƙiyinka ne sai ka ɗaga masa yatsa daga kan sitiyari, gaisuwarmu ke nan. Ni da wane ido? Kunya ce ke cina.

Ƙanenki,
Orval

20 ga Nuwamba

Yayata Marlys,

Ina gaisuwa, ina fata sanyin bai taɓa ku ba. Na ga amsarki. Kin ce ni tsohon banza ne, in je in buga masa ƙofa. Gaskiyarki, amma ban je ba.

Ranar Talata muka yi kiciɓis a kan gada, ba wurin kaucewa. Ya ɗaga yatsa. Nawa ya ƙi tashi, Yaya. Sai ya tsaya, ya sauke gilashi ya ce, "Kai tsoho, ka rame. Zagayen coci ne bai karɓe ka ba?" Ya ce ya kalli jawabina, kwat ɗin ta yi mini kyau. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Alfarma ɗaya ya roƙa. Gidan da suka samu a birni, shi da iyalinsa, ba a yarda da kare, ko zan riƙe masa karensa Biskit? Ya ce ni kaɗai karen ya saba da shi.

Sun tashi ranar Asabar, na taya su loda kaya. Karen yana wurina, amma kullum sai ya tsinke ya koma tsohon gidansu, ya kwanta a bakin ƙofa yana jira. Ni nake zuwa ɗauko shi. Jiya sai da na zauna kusa da shi tukuna.

Ki sa ni a addu'a. A gaida Vernon.

Ƙanenki,
Orval