Shafin Sani, fishiyena

Alhamis da dare, Dogon Dutsi

Yau muka kai aikin Matankari. Manoman ƙungiya suka kewaye ordinatar, wato kwamfuta, Sani abokin aikina ya rubuta sunan gari a shafin, nan take irin hatsin da aka shuka can ya fito. Shugabansu ya dafa kafaɗarshi ya ce, "Ɗana, kanka na ja, Allah shi yi albarka!" Ni ina gefe riƙe da wayar wuta.

Launi kawai Sani ya sa, da hoton zangarniya. Ni na tara bayanan cikin fishiye guda, wato fayil ɗin ajiyar bayanai na SQLite, ni na rubuta manhajar PHP ɗin da ke tambayar shi yana amsawa. Tun kafin shuka nike fama da shi. Amma wa ke ganin tambaya? Kore da rawaya suka gani.

Ko sau ɗaya bai ce "mu" ba. Cikin mota ma cewa ya yi, "Habu, ka ga yadda suka so shi?" Na ce na gani.

Fishiyen na kan kile na USB, kilen na aljihuna. In ban je Matankari gobe ba, shafinshi zai buɗe fes, ba komi ciki.

Kuma na san zan je. Shi ya fi ci mini rai.