Jitar Habu da waƙoƙin Baba

Daren Talata, Shumaisi, ƙasar Larabawa.

Yau na raka jikana Habu, tashin nan, kantin kayan kiɗa. Wai jitar flamenko yake so, irin wadda yake kallo a waya. Mai kantin ya jero mana masu araha, yana ta zuba Larabci. Ni ko tsirkiya ban taɓa ba. Cikin kowace na ƙwanƙwasa da yatsa, yadda Baba yake gwada ƙwaryar gurmi a Damagaram. Wata mara nauyi ce ta amsa mini.

Habu ya ce, "Ya jaddi, ba kankana muka zo saye ba fa."

Na ce, "Rufe mini baki, mai ƙwacen mata. Wannan za mu ɗauka."

Ni da nufina na bi shi. Tun da gurmina ya fashe, waƙoƙin maƙera da Baba ya bar mini a kaina kaɗai suke zaune. Na ce in yaron ya samu abin kaɗawa, sai in ɗura masa su.

Bayan isha'i na rera masa ta farko. Wallahi nan take hannunsa ya kama kiɗan, har da bugun cikin. Sai na ce ya karɓi amshi. Ya buɗe baki, ya tsaya.

"Jaddi, esh ya'ni?"

Sunayen kakanninsa nake jerowa, yana tambayata ma'anarsu da Larabci.

Na ce gobe ma ƙara, amma na san goben. Ga shi can a ɗaki yana kaɗa kiɗan Baba daidai, babu kuskure, kuma babu sunan kowa a ciki.