Albishir ga Ata a Ak-Jilga

Alicur, ranar Talata

Zuwa ga matata Burul,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan jiki ya yi sauƙi, nono ya kawo, kina samun barci ko da kaɗan ne. Yaya baƙuwarmu? Ki sumbatar min tafin ƙafarta. Ki gai da mahaifiyarki, ki ce mata surukin nan da ta rantse iska za ta kwashe shi da babur ɗinsa ya iso Alicur da ƙafafunsa biyu.

Na san ranki ba ya so yarinya na kwance ba suna, duk wanda ya zo barka sai ya ce "ke". Ki ƙara haƙuri. Kin san halin Ata, mahaifina: tun cikin bai fito ba ya ce jikansa na fari ba mai raɗa masa suna sai shi, ya kuwa kaɗa shanunsa ya haye Ak-Jilga, makiyayarsa ta cikin duwatsu, da tarin nan da ke damun ƙirjinsa. Can ba waya ba kwalta, dole sai an je. Ni kuma ban yarda wani ya riga ni kai masa albishir ba. Ni na yi sintiri a ƙofar asibitin Murgab har takalmina ya suɗe, sannan wani ƙato ya karɓe tukwicin? Ina!

Burul, yau sama ta sauko ƙasa-ƙasa. Gajimare na tafiya kusa da kafaɗata, inuwarsu tana rarrafe a kan fili ina bin ta. Babur na haki ina haki, don iskar nan ba ta ƙosar da mutum ba ta ƙosar da inji. Da na kashe shi a bakin wani tafki, shirun ya kai har ina jin bugun jinina a kunne. Na zauna ina gwada sunaye a baki, sai na ji kunya, kamar wanda ya sa hannu a akushi kafin babba.

Direban motar fulawa ne zai kawo miki wannan. Gobe zan bar titi in shiga duwatsu.

Mijinki,
Turdali

Bukkar Omorbai, ranar Laraba

Burul tawa,

Sallama da fatan alheri gare ki da 'yar mara suna. Ina fatan ba ta hana ku sakat da kuka ba. In tana yi, ke ta gado.

Na ƙetare babban tsauni da rana tsaka. Can sama kaina ya yi sakayau, ban san ko barci nake ko tuƙi ba. Ragunan daji suka tsaya a kan ƙanƙara suna kallona, ba su gudu ba. Sai na hangi mahayi a bisa tudu, ya karkata gefe ɗaya yadda Ata ke zama a sirdi. Na ɗaga masa hannu, na yi ta danna oda. Da na matsa, dutse ne kawai da iska. Na yi wa kaina dariya, amma daɗin ganinsa bai bar ni ba har na gangaro.

A gindin tsaunin na tarar da bukkar tsoho Omorbai, abokin Ata tun suna yara. Tun daga nesa na buɗe murya: "Albishirinku! Albishirinku!" Karnuka suka yo kaina, matarsa Zuura ta fito da ludayi a hannu.

"Ya tabbata, ɗana, ya tabbata. Me aka samu?"

"Mace, Zuura-apa! Hancin uwarta, Allah ya taimake ta."

Ta rungume ni ta fashe da kuka, ta daɗe ba ta sake ni ba. Tsufa ke nan, abin farin ciki ma sai an yi masa hawaye. Ta cika min aljihu da busasshen cuku, ta ƙara da sabon mayafi ta ce naki ne. Na ce, "Zuura-apa, in ke kin ba da wannan, me kika rage wa kakan?" Sai ta koma ciki wai madara za ta zube.

Na so in wuce yau, don kwari ɗaya ya rage. Omorbai ya zare makullin babur ya jefa cikin takalminsa.

"Kai yaron birni, ka manta kogi? Da yamma ƙanƙara ta narke, ruwan zai kai maka ƙugu. Ko so kake matarka ta yi jego da takaba tare?"

"To, yaya Ata? Kun haɗu kwanan nan?"

"Sha shayin nan namu na madara da gishiri tukuna, gishirin ya ji? Gobe tare za mu tafi, ni a doki."

Na ce dokinsa ba zai kamo ni ba. Ya ce to sai in jira shi a bakin ruwa, kada in kuskura in isa ni kaɗai. Har rago ya yanka min, Burul, ya ajiye min kai a gabana kamar wani dattijo. Ashe haihuwa haka take ɗaga mutum? Surukarsu za ta sauka gari da man shanu, ita zan ba wannan.

Naki har kullum,
Turdali

Ak-Jilga, ranar Asabar

Burul,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da mahaifiyarki da yarinya. Na roƙi Baffa Tashmat kada ya miƙa miki takardar nan sai ya zauna ya sha shayi ya faɗa miki da bakinsa. Saboda haka kin riga kin sani. Ki yi kuka, amma ki ci abinci.

Ban jira Omorbai ba. Kogin ya janye da safe, zumuɗi ya ci ni, na tsallake na bar tsohon yana ɗaga min bulala. Da na hango hayaƙin bukkarmu sai na miƙe tsaye a kan babur ina ihun albishir, duwatsu na maido min. Na ga dawakai da yawa a ɗaure, na ce madalla, Ata na da baƙi, tukwicin zai yi kauri. Sai da na kashe injin na ji kukan mata daga ciki. Maza na tsaye a waje, sun dafa ƙugu sun fuskanci bangon bukkar, yadda ake yi a makoki. Ba wanda ya juyo.

Tun ranar Litinin aka binne Ata. Mahayin da aka tura nemana ya bi ta ƙasa, ni na bi ta tsauni. Omorbai ya sani, Zuura ta sani. Ba a gaya wa mutum mutuwar ubansa a kan hanya, ni ma da ni ne da haka zan yi. Amma na ci ragon nan ina ba'a, Burul, har ƙari na nema.

Na yi kukan da ya kamata in shigo da shi, sannan na shiga. Apa, mahaifiyata, na zaune ta ba ƙofa baya, ta fuskanci bango tana kukan takaba. Na durƙusa a bayanta. Can ta yanke kukan, ba ta juyo ba.

"Na ji ihunka tun daga kogi. Faɗi mana."

"Apa, ba yau ba."

"Yau. Ka ɗauko albishir tun daga Murgab, ka ajiye shi."

"Mace ce. Lafiyarta ƙalau."

"Ya tabbata," in ji ta. Ta laluba ƙarƙashin shimfiɗa ta ciro zoben azurfarta da ta cire ranar rasuwar, ta miƙo min ta bayan kafaɗa. "Albishir ba a karɓarsa hannu sake, ko a gidan makoki."

Na tambaye ta ko ya bar suna. Ta ce kullum yana cewa ya zaɓa, amma ya ƙi faɗa, wai sai ya ga wanda ya kawo labarin ido da ido. Na ce to ita ta raɗa, ko Baffa.

"Har yanzu babba kake nema, Turdali? Duba bukkar nan da kyau. Sauka ka yi wa 'yarka kiran salla a kunne."

Zan taso bayan addu'ar bakwai. Ki ce wa yarinya ta ƙara jira kaɗan, ubanta ne zai raɗa mata, kuma bai taɓa yi ba.

Mijinki,
Turdali