Ruwan Randar Gwaggo

Daren Asabar, unguwar Zongo

Da safe mu ɗaliban kimiyya muka kafa madubin ganin ƙwayoyin cuta a bakin masallaci. Don in burge jama'a, na ɗebo ruwa daga randar Gwaggo Lami mai koko, ko izininta ban nema ba. Mutane suna leƙawa suna salati: "Abubuwa na motsi a ciki!" Ni kuwa sai zuba Faransancin makaranta nake yi.

Har azahar ba wanda ya sayi kokonta. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Zainabu, da ruwan nan na raine ki. Ai da a ɗaki kika faɗa mini."

Ruwan dai ba shi da kyau, na sani. Gobe da asuba zan je in tafasa mata shi, in har ta buɗe mini ƙofa.