Giɓin Rahila

Daren Laraba, Barnawa

Yau kwana uku 'yata Rahila ba ta buɗe baki a waje ba, kuma ni na jawo. Ranar da haƙorinta ya fita muka jefa shi kan rufi, na tsokane ta da abin da kakata ta gaya mini: idan ƙadangare ya ga giɓin, sabo ba zai fito ba. Malamarsu ta kira ni, wai ko sunanta ba ta amsawa.

Ɗazu na durƙusa na ce, "Yi haƙuri, ƙarya na yi miki."

Ta kare baki da hannu ta ce, "To Mama, da kika ce Baba zai dawo gida da Kirsimeti fa?"

Wayyo Allah. Har ta yi barci tana jiran amsa.